Yawan turare ba shi ne ƙamshin kyandir ba

Cikin kayan da aka jera wa 'yar ƙanwata a ɗakinta na amarci akwai kyandir uku na ƙamshi, kowanne a kofin gilashi, an ɗaura masa kintinkiri ruwan zinare. Ranar kwana huɗu da tarewa ta kunna ɗaya a kan madubi ta shiga kicin. Ƙarar tsagewar gilashi ce ta dawo da ita. Ta tarar da wutar ta bar lagwani ta kama saman kakin gaba ɗaya, kofin ya dare gida biyu, narkakken kaki yana bin katako da wuta a bayansa. Allah ya taimake ta akwai murfin tukunya a hannunta, ta kifa shi a kai. Tsakanin wurin da labule bai kai kamu uku ba.

Na nemi yarinyar da ta yi kyandir ɗin, don ina so in ji ta bakinta. Yarinya ce mai ladabi, ɗaliba, da kuɗin sana'ar take biyan wasu buƙatunta. Ta ce da ni, "Wallahi Anti ban yi ha'inci ba. Turaren ma sai da na ninka, saboda na amarya ne." Na tambaye ta ko ta kunna ɗaya daga cikin waɗanda ta zuba ranar ta ga yadda yake ci. Ta yi shiru, sannan ta ce ai kayan sun yi tsada, ba za ta iya ƙona na sayarwa ba.

Wannan amsa tata ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba ita kaɗai ba ce. Sana'ar kyandir mai ƙamshi ta bazu a tsakanin 'yan matanmu da matan aure, ana koyar da ita a kwana biyu ta WhatsApp, ana tallarta a Instagram da hotuna masu ɗaukar ido. Ban ƙi sana'ar ba, halak ce kuma tana rufa asiri. Abin da ya ishe ni shi ne kalmar da nake gani a kusan kowace talla: "mun cika shi da turare." Ana faɗarta da alfahari, masu saye kuma suna rububi, alhali mai faɗar tana shelanta aibin kayanta ne ba ta sani ba.

Kyandir dai abu uku ne: kaki, lagwani da man ƙamshi. Kakin da aka fi samu shi ne farafin, wanda ake fitarwa daga ɗanyen man fetur, ana kyandir da shi tun shekarun 1850. Akwai kakin waken suya, wanda aka fara yi a Amurka a farkon shekarun 1990 ta hanyar daskarar da man waken. Akwai na kwakwa, akwai kuma kakin zuma da iyayenmu suka sani tun fil azal, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 62 zuwa 64. Lagwani kuwa zaren auduga ne da aka yi wa kitso, wani lokaci siririn katako.

To mu zo kan turaren. Mu mutanen turaren wuta ne, kuma a nan kuskuren ya samo asali. A kasko, idan kika ƙara turare a kan garwashi hayaƙi ya ƙaru, ƙamshi ya ƙaru, lissafin a miƙe yake. Sai aka ɗauko wannan lissafi aka ɗora wa kyandir, alhali aikinsu ya sha bamban. Ƙamshin kyandir yana tashi ne daga narkakken kakin da ya kwanta a kewayen lagwani, ɗan tafkin nan mai sheƙi. Zafi ne ke sa man ƙamshin ya riƙa tashi daga samansa a hankali ya bi iska. Duk man da ya bi lagwani ya shiga harshen wutar, yawancinsa ƙonewa yake yi, ya tafi a banza. Saboda haka abin da ke cika ɗaki da ƙamshi shi ne faɗin wannan tafki da zafinsa, kuma lagwani ne ke iko da su biyun.

Sannan kaki yana da iyakar man da zai iya riƙewa, kamar yadda gari yake da iyakar ruwan da zai sha kafin ya koma kunu. Yawancin kakin da ake zubawa a kofi suna ɗaukar tsakanin kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsu, kuma kamfanin da ya yi kakin yakan faɗi iyakar nasa. Ke nan giram 200 na kaki, idan za a sa masa kashi 8, giram 16 na man ƙamshi ya ishe shi. Wadda ta zuba giram 35 don ta burge amarya, rarar nan ba ta da inda za ta shiga. Sai ta tsattsafo sama kamar gumi, ko ta kwanta a gindin kofi. Man da ya taru a sama shi ne yake kamawa da wuta idan harshen ya lashe shi, sai a wayi gari saman kyandir duka ya zama murhu. Gilashin kofin shayi da na kwalbar mayonis ba a yi su don wannan zafi ba. Abin da ya faru a ɗakin 'yata ke nan.

Ko wutar ba ta kama ba, rarar man tana toshe lagwani. Wutar ta riƙa tsartuwa, kan lagwanin ya dunƙule ya yi baƙin gammo, kunkunniya ta shafe bakin kofi, ta hau bango da silin. Ƙamshin da aka yi wahalar dominsa ya gauraya da ƙaurin ƙuna. An yi asarar turare mai tsada, an kuma ɓata kyandir.

Akwai abin da ke yaudarar mai yin kyandir, kuma ina yi mata uzuri a kansa. Hanci yana gajiya. Wadda ta wuni tana shaƙar man oud ko na fure a kicin, kafin la'asar ta daina jinsa, sai ta ɗauka bai ji ba ne ta ƙara. Wani abin kuma, sabon kyandir bai gama haɗa jikinsa ba. Na farafin yana son kwana biyu zuwa uku a rufe kafin a kunna shi, na waken suya kuwa masu sana'ar sukan ba shi mako ɗaya zuwa biyu. Wadda ta zuba da safe ta kunna da daddare ba ta ji komai ba, sai ta yanke hukuncin turare ne ya yi kaɗan. Gaggawarta ce ta yi yawa.

Mafi muni su ne masu tsiyaya humra ko turaren fesawa a cikin narkakken kaki. Turaren fesawa yawancinsa sinadarin alkohol ne, ba ya haɗuwa da kaki, kuma ga saurin kamawa da wuta. Duk abin da ke da ruwa a jikinsa, ruwan zai maƙale a cikin kakin ya riƙa fantsama idan ya ji zafi. Man ƙamshin da aka yi musamman don kyandir shi ake nema. Haka masu barbaɗa busassun furanni da ɓarɓashin itacen turare a sama don hoto ya yi kyau: kowane ɗaya daga cikinsu lagwani ne na biyu da na uku da ke jiran wuta ta iso. Don Allah a bari. Hoton zai samu yabo, amma a ɗakin wani abin zai kwana.

Ana kuma yaɗa cewa farafin guba ne, na waken suya kuwa ba ya hayaƙi. Kowane kaki yana hayaƙi idan lagwani bai dace da shi ba. Launi da siffar kofi su ma suna da nasu tasiri, amma ba su kai wannan ba.

Batun lagwani bai kamata ya zame mana baƙo ba. Duk wanda ya tashi da fitilar ƙwai ya san idan aka murɗa lagwani ya yi sama, nan da nan ƙwan zai yi baƙi a sha faɗa wurin Inna, idan kuma aka yi ƙasa da shi da yawa wutar ta mutu. Kyandir ba shi da abin murɗawa. Kaurin zaren da aka sa tun farko shi ne murɗin, kuma ba ya gyaruwa bayan kaki ya daskare. Lagwani yana zuƙo narkakken kaki ne ya kai shi sama, zafi ya mayar da shi tururi, tururin ne ke ci da wuta. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, ya yi wa matasa laccoci shida a Landan a kan kyandir, aka buga su littafi a 1861. Kowa na iya gwada abin da ya nuna musu: a hure kyandir, a kai ashana mai ci kusa da farin hayaƙin da ke tashi, sai wutar ta bi hayaƙin ta koma kan lagwani. Shi ma kitson lagwanin da dalilinsa. A Faransa aka ɓullo da shi a shekarun 1820, don kan zaren ya riƙa lanƙwasawa yana ƙonewa da kansa. Zaren ɗinki ko igiyar buhu da wasu ke murzawa ba sa yin haka. A kuma kula da lagwani mai waya a ciki wanda ba a san asalinsa ba, domin Amurka ta haramta mai darma tun 2003 saboda gubar da ke bin hayaƙinsa.

Ga yadda ake gwada lagwani, kuma babu wata hanyar da ta fi wannan sauƙi. A tanadi sikelin kicin mai auna giram, da ma'aunin zafi, da littafin rubutu. Cokali da murfin kwalba ba ma'auni ba ne, don wani mai ya fi wani nauyi. A narkar da kaki a cikin gwangwani ko jug na ƙarfe da aka tsoma a tukunyar ruwan zafi, kada a ɗora shi kai tsaye a kan gas. Ga kakin waken suya, ana zuba man ƙamshi idan zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 85, a juya a hankali na minti biyu, a bari ya ɗan huce kafin a tsiyaya a kofi.

A ɗauki kofi uku iri ɗaya, kaki ɗaya, turare ɗaya, awo ɗaya. Lagwani kaɗai za a bambanta: wanda jadawalin mai sayarwa ya nuna don faɗin wannan kofi, da wanda ya fi shi siranta da mataki ɗaya, da wanda ya fi shi kauri. Lagwanin kasuwa suna zuwa da haruffa da lamba, irin su CD, ECO, LX da HTP, kuma lambar wani iri ba ta yi daidai da ta wani ba. A rubuta a gindin kowane kofi abin da aka sa masa. Wadda ta canza kaki da turare da lagwani a lokaci guda, ko abin ya yi kyau ba za ta san me ya gyara shi ba.

Bayan sun yi kwanakinsu, a datse kowane lagwani ya rage kamar tsawon ƙwayar shinkafa, wajen milimita 6. A jera su da tazara a kan tire na ƙarfe, a kashe fanka, a rufe taga mai iska, a kunna. Kowace awa a leƙa a rubuta. Lissafin da masu sana'ar ke bi shi ne, duk santimita biyu da rabi na faɗin kofi yana son kamar awa ɗaya kafin narkewar ta kai bango. Idan bayan awa huɗu wutar ta haƙa rami a tsakiya kamar rijiya ta bar kaki a gefe, lagwanin ya yi ƙarami. Idan harshen ya yi tsawo yana rawa, yana fitar da baƙin hayaƙi, narkakken kakin ya zarce zurfin santimita ɗaya da yawa, kofin ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙe shi ba, lagwanin ya yi girma. Ƙa'idar Amurka ta kyandir ɗin cikin ɗaki ba ta yarda harshen wuta ya wuce inci 3 ba, wato kusan santimita 7 da rabi, amma mai hankali ba za ta jira ya kai can ba.

A awa huɗu a kashe, a bari ya daskare sarai, a datse lagwani, a sake. Haka za a yi ta yi har ya rage kamar santimita ɗaya a gindi. Na san a nan ne ake gajiya, amma rabin ƙasan nan shi ne mai haɗari, domin yayin da wutar ke nutsewa cikin kofi zafi yana taruwa, lagwanin da ya yi daidai a sama sai ya fi ƙarfin gindi. Shi ya sa sau da yawa wanda ya bar ɗan siririn kaki a bango a kunnawar farko shi ne ke yin nasara a ƙarshe. Idan aka auna nauyin kofin kafin kunnawa da bayan kashewa, za a san giram nawa yake ci a awa, sai a faɗa wa mai saye gaskiyar awannin da zai yi mata maimakon shaci-faɗi. Ƙamshi kuwa, a fita tsakar gida na minti goma a dawo, ko a kira wanda bai shiga ɗakin ba tun safe ya faɗa.

Yanayinmu ma yana da baki a maganar. Jadawalin lagwanin da ake kwafowa daga intanet an gwada shi ne a ɗakuna masu sanyi. Kakin waken suya na kofi yakan fara narkewa daga wajen digiri 45 zuwa 55, ga shi a Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yana haura 40 a inuwa, balle a bayan mota ko cikin akwatin ɗan aike mai babur. Kyandir da ya yi daidai a hunturu zai iya yin gumi ya yi laushi a bazara, wutarsa ta fi ƙarfi. Sai an sake gwadawa, wataƙila a gauraya da ɗan kakin zuma don ya yi tauri, wanda kuma zai buƙaci lagwani mai ɗan kauri, gwaji ya dawo sabo. Sabon buhun kaki ko sabon turare ma haka.

Idan wuta ta kama kaki, a tukunya ko a kofi, kada a kuskura a watsa ruwa, fantsama zai yi da wutar. A kashe gas, a kifa murfi. A kuma manna wa kowane kofi takarda da Hausa: a datse lagwani, kada ya wuce awa huɗu, a nisanta shi da labule da gidan sauro da hannun yara, kada a yi barci a bar shi don an ɗauke wuta.

Yarinyar nan ta dawo mini bayan wata guda da littafinta a hannu. Kofi tara ta ƙona. Turaren ta mayar da shi kashi 7, lagwanin kuma ta sauko mataki ɗaya daga wanda aka koya mata. Ta ce, "Anti, kwalbar man da take yi mini kyandir shida yanzu goma sha biyu take yi." Na karɓi ɗaya na kunna a falo bayan Magariba, a kan faranti, nesa da labule.