Injin DeWalt a Kan Dogon Makita: Dabarar Kafintan Ƙarshen Mako

Duk wanda ya yi zaman haya a Silver Spring ko Hyattsville ya san kayan ɗaki na cin kuɗi. Shi ya sa da yawa daga cikinmu ɗalibai muke sayen na hannu a Facebook Marketplace, wasu kuma mu koyi kafinta da kanmu. Sai dai kayan aiki na hannu ba sa zuwa 'yan gida ɗaya. Ni injin sassaƙa na DeWalt DWP611 na samu, wanda kafintoci ke kira rauta, dogon alminiyam ɗin da zan ɗora shi kuwa na Makita ne, mai tsawon inci 55.

Rauta inji ne mai haƙori da ke juyawa da tsananin gudu, yana fafe tsagi a jikin katako, irin wanda ake zura allon kantar littattafai a ciki. Nawa yana kai juyi 27,000 a minti ɗaya. Da hannu kawai tsagin ba zai miƙe ba, dole sai da dogo, wato doguwar farantin alminiyam mai ɗan tudu a bayanta wanda inji ke bi kamar jirgin ƙasa.

Matsalar ita ce kowane kamfani da irin tudunsa. Dogon Makita na Japan da na Festool na Jamus sun yi kama sosai, har zarton ɗaya kan hau na ɗayan. Na DeWalt kuwa, kamfanin da hedikwatarsa ke nan Towson a jihar Maryland, tudunsa a tsakiya yake. Mai kanti zai ce ki sayi komai na gida ɗaya, amma ɗalibar da ke lissafin kuɗin haya da na Metro ba ta da wannan sararin.

Abin da inji ke buƙata bai wuce faranti ɗaya da zai haɗa shi da dogon ba. Na yanka nawa daga guntun fulawud da na saya a Community Forklift, shagon kayan gini na hannu da ke Edmonston. Na kwance farantin roba na gindin injin, na ɗora shi a kan katakon don in sa alamar ramukan noti daidai. A ƙarƙashi na manna sirarun katako biyu da suka rungumi tudun dogon hagu da dama. Nan ne duk aikin yake: in ya yi sako-sako ko da rabin milimita ne, tsagi zai karkace, in ya matse, inji ba zai zame ba. Ɗan shafa kakin kyandir yana sa ya tafi sumul.

Abu na biyu, injin a gefen dogo yake tafiya, dogon kuma yana da kauri. Don haka sai an sa wa ɗaya ɓangaren farantin ƙafa mai kauri daidai da na dogon, in ba haka ba inji zai jirkice. A kuma bar tazara tsakanin haƙori da robar bakin dogon, a auna tazarar sau ɗaya, a rubuta ta a jikin farantin.

Wajen aiki, a ɗaure dogon da matsi biyu, a ci katako kaɗan-kaɗan, kamar milimita 3 kowane zagaye, a sa tabarau da abin toshe kunne. Wanda ba shi da wurin aiki zai iya zama mamba a Nova Labs da ke Fairfax, inda akwai ɗakin kafinta. Ɗakin karatu na Martin Luther King da ke cikin Washington kuma yana da injin buga abubuwa na 3D, in mutum ya fi son maƙalin roba.

Masu niyyar aika kaya gida su lura da abu biyu. Injin Amurka na wutar bolt 120 ne, ta Najeriya da Nijar kuwa ta haura 200, saboda haka sai da taransifoma. Sannan bakin injin inci ɗaya bisa huɗu ne, wato milimita 6.35; haƙori mai milimita 6 zai shiga, amma ba zai kamu da kyau ba, yana iya fizgewa ana cikin aiki. Dogon da farantin kuwa babu ruwansu da wuta, za su yi aiki a Kano kamar yadda suke yi a Maryland.