Daga Elmina Zuwa Aboabo: Yadda Rikon Teku Ke Yanke Kuɗin Kifi A Kasuwanninmu

Daga wakilinmu a Nyanshegu, Tamale

Daga Tamale zuwa bakin teku tafiya ce ta kimanin kilomita 600, kuma da yawa daga cikinmu a nan Nyanshegu, har ma da 'yan'uwanmu masu cin kasuwannin Bawku da Paga da Sinkansi, ba mu taɓa ganin teku da idonmu ba. To amma duk wanda ya san harkar kifi banda ya san cewa kwandunan amani da ake saukewa a kasuwar Aboabo daga garuruwan gaɓa irin su Elmina da Chorkor da Keta suke fitowa, kafin a ƙara gaba da su zuwa Burkina Faso da arewacin Togo. Shekaru ke nan 'yan kasuwa na kuka da abu biyu: kuɗin kifi ya hau, shi kuma kifin ya ƙanƙance. Mukan ɗora laifin a kan tsadar mai da kuɗin mota da faɗuwar sidi, kuma duk gaskiya ne. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Tushen matsalar yana can cikin teku.

Amani shi ne kifin talaka. Shi ake dakawa a zuba a miyar kuka da ta kuɓewa a gidan da nama ya gagara, kuma an ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na abinci mai gina jiki da 'yan Ghana ke samu daga dabbobi, daga kifi ne. Alƙaluman da aka tattara sun nuna cewa amanin da aka kama ya sauko daga kusan tan 135,000 a shekarar 1996 zuwa kimanin tan 29,000 a 2016. Wato cikin shekara 20 kusan kashi huɗu cikin biyar sun tafi. Idan kuwa kifin teku ya yi ƙaranci, masu saye sukan koma kan na tafkin Volta da ake ɗaukowa daga Yeji da Buipe, shi ma kuɗinsa ya ɗaga.

Ina kifin ya tafi?

Dalili na farko shi ne yawan masu kamun. Kwale-kwalen masunta a gaɓar Ghana sun haura 12,000, wasu na kunna fitilu masu ƙarfi da dare don tara kifi, wasu na amfani da koma mai ƙananan ido wadda ba ta barin babba balle yaro. Doka ta hana duka biyun.

Na biyu shi ne abin da mutanen gaɓa ke kira saiko. Manyan jiragen kamun kifi da aka ba lasisin kama kifin ƙasan teku sun riƙa kwasar amani da danginsa, suna daskarar da shi kamar bulo, suna sayar wa wasu kwale-kwale a tsakiyar ruwa, ana kawo shi Elmina ko Apam. Ƙungiyar EJF mai hedkwata a Landan ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai an sauke kimanin tan 100,000 ta wannan hanya, na kuɗi fiye da dala miliyan 50. Ta kuma gano cewa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan jirage suna da alaƙa da kamfanonin ƙasar Sin, duk da cewa tutar Ghana suke ɗauke da ita. Abin da ya fi muni shi ne yawancin amanin saiko 'ya'ya ne da ba su kai ga yin ƙwai ba. Manomi ya san abin da ke biyo baya idan aka cinye iri kafin damina.

Wa ke da alhakin teku?

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon arzikin ruwa har mil 200 na teku, kimanin kilomita 370. Saboda haka tsare amani aikin gwamnatin Ghana ne kafin na kowa. Idan ba a manta ba, Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa a 2013 saboda sakaci wajen hana kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, ta janye shi a 2015, sannan ta sake bayar da shi a watan Yunin 2021. Idan katin ya zama ja, ba za a sayi kifin ƙasa a kasuwannin Turai ba, abin da zai taɓa kamfanonin gwangwanin kifi na Tema da ma'aikatansu.

An ɗauki wasu matakai. Tun 2016 aka fara rufe teku ga manyan jirage na wani lokaci, a 2019 aka haɗa da masu kwale-kwale, daga 2021 kuma aka mayar da hutun nasu watan Yuli, lokacin da ruwa ke sanyi amani ke yin ƙwai. A 2025 gwamnati ta ɗauke wa masu kwale-kwale hutun, ta bar shi a kan manyan jirage na watannin Yuli da Agusta. A watan Agustan shekarar ce Shugaba John Mahama ya sa hannu a sabuwar dokar kamun kifi mai lamba 1146, wadda ta maye gurbin ta 2002, ta kuma faɗaɗa yankin da aka keɓe wa ƙananan masunta daga mil 6 zuwa mil 12, kimanin kilomita 22 daga gaɓa.

Kifi dai bai san iyaka ba, kamar yadda fatake ba su tsaya a ƙasa ɗaya ba. Shi ya sa a 2007 ƙasashe shida, wato Laberiya da Kwaddibuwa da Ghana da Togo da Benin da Nijeriya, suka kafa kwamitin FCWC mai ofis a Tema don su riƙa musayar bayanai kan jiragen da ke yawo a ruwansu. A matakin duniya kuma, muradi na 14 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da aka amince da su a 2015 ya shafi teku ne kacokan, yayin da yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya mai hana gwamnatoci tallafa wa jiragen da ke satar kifi ta fara aiki a watan Satumban 2025.

Me ya rage mana?

Dokoki sun samu. Abin da ya rage shi ne aiki da su: jiragen sintiri masu mai a tanki, jami'an sa ido da ba a saye su ba kuma ba a tsoratar da su, da tarar da za a karɓa da gaske. A nan ne mu ma muke da ta cewa. 'Yan majalisar Tamale da Sagnarigu da Bawku ƙuri'arsu ɗaya ce da ta na Elmina idan ana maganar kasafin kuɗin ma'aikatar kifi, don haka ya dace ƙungiyoyin masu sayar da kifi su riƙa tambayar su nawa aka ware, jirage nawa aka kama.

Na biyu, mai saye ne ke raya cinikin 'ya'yan amani. Kwandon 'ya'yan amani yana da araha a yau, amma shi ne ke sa babban amani ya gagara baɗi. Idan dillalan Aboabo da Bawku suka haɗa baki suka ƙi karɓarsa, labari zai isa bakin ruwa kafin sati ya zagayo.

Na uku, a riƙa sauraron sanarwar rufe teku ta kowace shekara a rediyo. Wanda ya sani da wuri zai sayi kaya kafin Yuli, ya busar da kyau, ya adana inda ƙwari da laima ba za su taɓa ba, maimakon ya ci bashi ya saya da tsada.

Amani kifi ne mai saurin hayayyafa, kuma masana sun ce idan aka sassauta masa zai iya farfaɗowa. Idan kuwa aka ci gaba a yadda ake, wata rana motar Kumasi za ta iso Aboabo babu ko kwando ɗaya, sai katan-katan na daskararren kifin waje da ake saye da dala. Allah ya kiyaye mu da ganin wannan rana.