ƊAN HAKIN DA KA RAINA: Yadda Ake Bin Sawun Hadari Daga Tamanrasat Har Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa kai dabbobi Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya, ko ya ɗauko dabino daga can a tsakanin Yuli da Satumba, ya san abin da za mu faɗa. Da hantsi sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Da azahar sai ka hango ɗan girgije ɗaya a kan duwatsun Ahaggar, bai fi a ce tafin hannu ba. Kafin la'asar sakaliya ya zama dutse baƙi ƙirin, iska ta juyo da sanyi, ƙura ta rufe hanya, korin da aka tsallaka a bushe da safe ya cika ya batse. Sai ka ji mutum yana cewa, "To su masu hasashen yanayin nan, me suke yi ne?"

Tambayar tana kan hanya, domin dukiya ce da rayuka a kan titi. Amsar kuwa ita ce, masana sun ƙware ƙwarai wajen sanin inda hadari ya nufa, amma sanin irin ƙarfin da zai yi, musamman ƙaramin hadari mai saurin ƙasaita, har yau yana ba su wahala. Wanda ya gane wannan bambanci zai san yadda zai yi amfani da sanarwarsu, ya kuma san inda dole ya dogara da idonsa da wayarsa.

SU WA KE GADIN SAMA A TAMANRASAT?

Garin Tamanrasat yana kan tudu ne mai tsayin wajen mita 1,400, ruwan da yake samu a shekara kuwa wajen milimita 50 ne, abin da Kano ko Maraɗi kan samu a dare ɗaya cikin Agusta. Amma wurin yana da daraja babba wajen masana yanayi. Akwai tashar auna yanayi a garin, inda ake sakin balam-balam ɗauke da na'ura, tana hawa tana aiko da labarin zafi, laima da gudun iska. A kan dutsen Asekrem kuma, mai tsayin sama da mita 2,700, akwai wata tashar da ke cikin jerin tashoshin sa ido na Hukumar Yanayi ta Duniya. Dalilin darajar shi ne, daga nan zuwa Agadas, ko zuwa arewacin Mali, tashoshi ƙalilan ne. Radar kuwa, wadda ke leƙa cikin hadari ta ga yawan ruwan da ke ciki, ta yi ƙaranci a wannan yanki namu gaba ɗaya.

Saboda haka babban ido shi ne tauraron ɗan Adam na Turai mai suna Meteosat. An harba na farko a 1977. Zubi na biyu da aka fara harbawa a 2002 yana ɗauko hoton Afirka duk minti 15. Zubi na uku, wanda ya tashi a Disamba 2022, yana yi duk minti 10, yana kuma ƙirga walƙiya. Hotunan nan su ne ake dubawa a hukumar yanayi ta Aljeriya, da NiMet ta Nijeriya, da hukumar yanayi ta Nijar, da kuma cibiyoyin nan biyu da ke Yamai, wato AGRHYMET da aka kafa a 1974 da ACMAD.

Abin da tauraron ke aunawa shi ne sanyin ƙoƙon girgije. Iya nisan da girgije ya yi sama, iya sanyin kansa. Idan mai duba hoto ya ga kan girgije ya kai digiri 70 ƙasa da sifiri, kuma yana faɗaɗa daga hoto zuwa hoto, ya san wannan ba hadarin wasa ba ne. Sai dai fa daga sama yake gani. Abin da ke gudana a gindin girgijen, inda mota da shanu suke, ƙiyasi ake yi.

YADDA ƘARAMIN HADARI KE ZAMA BABBA

Cikin damina iska mai laima kan taso daga teku ta kudu, wani lokaci ta kutsa har Azbin da Ahaggar. Rana ta gasa duwatsu, iskar ta hau, girgije ya haɗu. Ruwa ya fara zuba, amma iskar da ke ƙasa busasshiya ce, sai yawancinsa ya ƙafe tun bai taɓa ƙasa ba. Ƙafewar nan ita ke sanyaya iska, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Iska mai sanyi tana da nauyi, sai ta faɗo ƙasa da ƙarfi ta bazu, ta kwashi rairayi ta yi bango. Shi ne holoƙon da muka sani. Yayin da take gudu kuma sai ta shiga ƙarƙashin iska mai zafi da laima da ke gabanta, ta cira ta sama, sabon girgije ya haihu. Wato hadarin da kansa yake ciyar da kansa. Cikin awa biyu ko uku abin da bai fi faɗin gari ɗaya ba sai ya zama jeri mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ya miƙa yamma.

To me ya hana kwamfuta ta hango wannan tun jiya? Manyan kwamfutocin hasashe na Turai da Amurka suna yanka duniya ne gida-gida kamar ragar kamun kifi, kowane gida faɗinsa wajen kilomita 9 zuwa 13. Babban kifi ba ya wuce raga, amma ƙarami sai ya sulale. Girgijen da ya fara da faɗin kilomita biyar ƙaramin kifi ne. A Yuni 2011 masana daga Ingila da Faransa tare da na Aljeriya sun kafa na'urori a Burj Baji Mukhtar, kusa da iyakar Mali, a wani bincike mai suna Fennec. Sun tarar cewa kaso mai yawa na ƙurar da ke tashi a wurin a wannan lokaci daga irin wannan iska mai sanyi ta gindin hadari take, kuma ita ce kwamfutocin suka fi kuskurewa.

Akwai wani abin lura. A 2017 wani masani ɗan Ingila, Christopher Taylor, da abokan aikinsa suka tattara hotunan Meteosat na shekara 35, suka gano cewa hadari mafi tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Sun danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara. Ke nan dattijon da ke cewa hadarin yanzu ya fi na da fushi ba ruɗin tsufa ke damunsa ba.

DAGA AZBIN ZUWA TEKUN ATILANTIKA

Hadarin da ya wuce ta kanmu ba a nan yake ƙarewa ba. Duk kwana uku zuwa biyar cikin damina wani lanƙwasar iska kan ratso Afirka daga gabas, ta bi ta Cadi, Nijar, Mali, ta faɗa teku ta wajen Dakar, tana tafe da jerin hadari. Yawancinsu kan mutu a teku. Kaɗan kan sami ruwa mai ɗumi su fara juyawa, su zama mahaukaciyar guguwa. Mafi yawan manyan guguwowin da ke afka wa Amurka da tsibiran Karebiyan daga nan asalinsu yake. Wata ma ba ta yin nisa: a ƙarshen Agusta 2015 guguwar da aka sa wa suna Fred ta ƙasaita jim kaɗan da barin gaɓar Afirka, ta ratsa tsibiran Kabo Verde.

A can ma matsalar ɗaya ce da tamu. Cibiyar guguwa ta Amurka da ke Mayami tana da taurari, da radar, har da jiragen sama masu kutsawa cikin guguwa su auno ta. A wajensu, idan gudun iska ya ƙaru da kilomita 55 a awa cikin kwana ɗaya, ana kiransa saurin ƙasaita. A Oktoba 2023 wata 'yar ƙaramar guguwa mai suna Otis ta taso a tekun Fasifik ta doshi garin Akapulko na ƙasar Meziko. Hanyarta an san ta. Ƙarfinta kuwa, kwana ɗaya kafin ta iso, ba a zaci za ta wuce matsakaiciya ba. Kafin gari ya waye ranar 25 ga wata ta kai mataki na biyar, wanda babu na sama da shi, da iska mai gudun sama da kilomita 250 a awa. Mutum fiye da 50 suka rasu, garin ya ragargaje. Haka ƙaramar guguwa Tracy ta yi wa garin Darwin na Ostireliya ranar Kirsimeti ta 1974. Ƙaramar tukunya ta fi saurin tafasa. To idan masu jiragen sama za su sha mamaki haka, ina ga mai gadin tasha ɗaya a tsakiyar Sahara?

ABIN DA YA SHAFI FALKE

Daga Tamanrasat zuwa In Gezam wajen kilomita 400 ne, daga Asamaka zuwa Arlit wajen 200, sannan a kama hanyar Agadas. Duk tsawon nan koramu ne busassu ke gitta hanya. Haɗarin kori shi ne, ba sai an yi ruwa a kanka ba. Ana iya yin ruwan a kan dutse, nisan tafiyar awa guda a mota, dutse kuwa ba ya shan ruwa, sai ya tattaro shi ya turo gaba ɗaya. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumba 2009 ba, lokacin da korin Telwa ya ɓalle cikin dare ya rushe dubban gidaje. A Satumba 2024 ma ruwa ya sauka a Saharar Aljeriya da Maroko irin wanda aka daɗe ba a gani ba, ya yanke hanyoyi, aka yi hasarar rayuka. Ga shawarwari, kowa ya isar wa yaransa:

1. Sanarwar kwana ɗaya ko biyu, ɗauke ta a matsayin labarin yanki. Idan hukumar yanayi ta Aljeriya ta fitar da sanarwa ta musamman ta ambaci jihar Tamanrasat ko In Gezam, ko rediyo ya ce ana sa ran hadari a Agadas da Tawa, ma'anarsa kayan haɗin sun kammala. Ba ta ce zai zubo a kan motarka ba, ba ta kuma ce zai yi sauƙi ba. In an yi sanarwa ba ka ga ko ɗigo ba, kada ka ce ƙarya suka yi. Wataƙila ya sauka a bayan dutse.

2. Ka kira gabas. A ƙasashen Hausa da Azbin babban hadarin damina daga gabas yake zuwa, yana tafiyar wajen kilomita 50 a awa. Wanda ya tashi Damagaram da la'asar yana iya isa Maraɗi bayan wajen awa huɗu. Ashe ɗan uwanka da ke kasuwar gabas da kai shi ne radar ɗinka. Tambaye shi abu uku: ƙarfe nawa ya iso, da ƙura ya zo ko da ruwa, ya kayar da rumfuna ko bai kayar ba. Kai ma ka sanar da na yamma da kai.

3. Kada a kwana cikin kori, komai laushin rairayinsa da inuwar itatuwansa. A hau tudu, ko da sama tana cike da taurari. In ana ganin walƙiya a kan duwatsu da dare, ko aka ji ruri kamar na manyan motoci daga sama da kori, a kwashe dabbobi nan take.

4. Kada a gwada kori mai gudu. Ruwan da ya kai gwiwa ya isa ya tafi da mota, balle wadda aka yi wa lodin shanu a tsaye, ga kuma ramin da ruwa ya haƙa ba a gani. Korin Sahara yakan janye cikin 'yan awoyi. Jiran rabin yini bai kai hasarar lodi ɗaya ba.

5. In bangon ƙura ya taso, a sauka daga titi sosai, a juya gaban mota ko bayanta ga iska, kada a ba ta gefe. A ɗaure tamfol tun kafin ta iso.

6. Tsakanin walƙiya da tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In tazarar tana raguwa, hadarin kanka ya yo. Kada a tara garke a gindin itace guda, domin aradu ɗaya tana iya kwantar da su gaba ɗaya.

7. Dabbar da ta rame da rani, ko ta galabaita da tafiya, ruwa da iska mai sanyi kan kayar da ita. Makiyayan Nijar sun ga haka a 2010, da ruwa mai yawa ya biyo bayan fari. A fara killace raunana.

8. In da hali, a yi lodi da tsallake manyan koramu da safe. Hadarin dutse ɗan yamma ne, daga azahar zuwa dare yake haɗuwa.

Alhasali, masana suna ƙoƙari, kuma hasashen 'yan awoyi da ake yi da hoton tauraro yana ƙara kyau shekara bayan shekara. Amma tsakanin ɗan girgijen azahar da ambaliyar magariba lokacin kaɗan ne, sau da yawa bai isa sanarwa ta taso daga ofis ta tarar da mutum a daji ba. Muna kira ga shugabannin rassa, daga Maigatari, Mai'adua da Illela har Abalak da Arlit, su ajiye lambobin juna, a mayar da labarin hadari kamar labarin farashi, wanda ba ya kwana bai zagaya kara ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare mu da dukiyarmu, ya ba da kasuwa mai albarka. Amin.