Takalmin Kaboyi: A Duba Kafin a Biya

Duk wanda ke zaga kasuwannin gwanjo ya sha ganin dogon takalmin fata mai tsinin baki da ake kira takalmin kaboyi. Wasu 'yan'uwanmu fatake sun fara sa shi zuwa kara. Takalmi ne mai ƙarko, amma don mahayin doki aka yi shi, mu kuwa yawancin aikinmu a ƙasa yake.

Asalinsa na makiyayan Amurka ne. Daga 1867 suka riƙa koro garken shanu daga jihar Teksas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilin a jihar Kansas, tafiyar wata biyu ko fiye a kan sirdi. Dukawan can suka yi musu takalmin da ya dace da wannan wahala, kamar H. J. Justin wanda ya kafa rumfarsa a Teksas a 1879. An yi dunduniyar da tsawo don ta kama likkafa, tafin kuma na fata ne mai santsi. Ba shi da igiya, domin in doki ya kada mutum, ƙafa ta zare, kada a ja shi a ƙasa. Tsawonsa kuwa na kare ƙwauri ne daga ƙaya da maciji.

To, wanda zai wuni tsaye a kara, ya taka laka da kashin shanu, ya hau tirela ya sauko, wannan dunduniya za ta gajiyar da shi, santsin tafin kuma yana iya kada shi. Shi ya nemi samfurin da ake kira Roper: dunduniyarsa gajera ce, kamar santimita 2 da rabi, bakinsa kuma ba tsini. In an sami mai tafin roba, ya fi.

Wajen awo, a gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da za a riƙa sawa. Tunda ba igiya, bayan ƙafa ne ke riƙe takalmin, don haka ya kama wurin daidai ba tare da matsi ba. In sabo ne, dunduniya takan ɗan ɗaga wajen tafiya; wannan ba aibi ba ne, yana raguwa. Amma in yatsu sun takure, a bar shi, fata ba ta ƙara tsawo. Lambar Amurka 9 ta yi kusa da 42, lamba 10 kuma 43. Harafin D na matsakaiciyar ƙafa ne, EE na mai faɗi.

Sai a juya shi a duba tafin. Wanda aka ɗinke, baduku zai iya sake masa tafi. Wanda aka manna da gam kawai, zafin rana kan ɓamɓare shi. A leƙa ciki kuma: wasu ana yi musu shafi da fatar alade, alamarta ƙananan ɗigo uku-uku a haɗe. Musulmi ya kula da wannan.

Na fatar kada ko mesa yana da kyan gani, amma cinikin irin waɗannan fatu yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES da ta fara aiki a 1975. Wanda ya ɗauko su da yawa don sayarwa ba takarda, yana iya samun matsala da 'yan duwan a kan iyaka. Fatar sa ta fi mana rufin asiri.

Fitsari da kashin shanu suna cin fata. A goge takalmi in an dawo, a shanya a inuwa, a shafa masa ɗan man kaɗe, musamman da hunturu. Wanke shi kafin a shiga wani garken yana rage yaɗa ciwon baki da kofato, wanda takalmi kan ɗauka daga kara zuwa kara.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare hanya.