Me Ya Sa Ido Ke Rigan Tunani Ganin Abin Tsoro?

 

Uwargida, kin taɓa lura kuwa? Kina ɗibar kara a bayan rumbu, sai ki yi tsalle da baya tun ba ki tantance maciji ne ko tsohuwar igiya ba. Wannan ba ragwanci ba ne, baiwa ce daga Allah. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan curi biyu, hagu da dama, ba su fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, likitoci na kiran su amigidala. Aikinsu gadi ne. Da ido ya hango abin da ya yi kama da haɗari, sai su ja hankali wurin, gaba ta faɗi, daga baya tunani ya iso ya duba.

A shekarar 2001 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arne Öhman, ya nuna cewa mutane sun fi saurin tsinto hoton maciji a cikin hotunan furanni fiye da fure a cikin macizai. Haka fuskar fushi ma, ta fi ta fara'a saurin kama ido.

To, yaranmu fa? A 1985 masana a Amurka sun ɗora jarirai 'yan shekara ɗaya a kan tebur mai gilashi, wanda ƙasansa ya yi kamar rami. Da uwa ta nuna tsoro a fuska, babu yaron da ya tsallaka. Da ta yi murmushi, yawancinsu suka rarrafa gare ta. Kin ga ashe fuskarki makarantar ɗanki ce. Ranar rigakafi, in kika zare ido, shi ma ya firgita.

Sai dai maigadin nan yakan yi kuskure. Gara ya ɗauki igiya maciji, da ya ɗauki maciji igiya. Amma a zaman tare, wannan gaggawa takan jawo rigima. Mace mai damuwa ko rashin barci, idonta ya fi maƙalewa a ɗaurarriyar fuska. Sai ki ga abokiyar zama ta haɗe rai, ki ce da ke take, alhali kanta ke ciwo.

Shawara a nan biyu ce. In kunama ko kububuwa kika hango, bi gargaɗin jikinki, janye yara. In an yi sara, a garzaya asibiti, ban da tsagawa ko ɗaurewa. In kuwa fuskar mutum ce, dakata, ja numfashi, ki tambaya: "Yaya, lafiya kuwa?" Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma a haɗa da tambayar baki.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin. Sai mako mai zuwa.