Daddawa: Ranar Nunarta da Ranar Tsufanta

A yankin Bordo na ƙasar Faransa akwai mutanen da sana'arsu ke nan su sansana jar giyar inabi, su ɗanɗana, su ce ta shekara kaza sai ta kwana shekara 20 a kwalba kafin ta kai. Abin da ke riƙe ta duk tsawon lokacin nan shi ne ƙarfinta da tsaminta, da baurin ɓawon inabi, irin baurin bagaruwar majema. Musulmi ba ruwansa da kwalbar. Amma mai son ganin irin wannan gwanintar hanci ya tsaya wurin masu daddawa a kasuwar Kore Mairuwa, ya ga yadda uwargida ke ɓantara ta sansana kafin ta taya.

Daddawar kalwa daga 'ya'yan ɗorawa ake yin ta, itacen da ya fi yawa can kudu, wajen Gaya da Benin da Najeriya. A nan Arewa, inda ruwan sama bai kai na can ba, yakuwa ce ke rufa asiri: 'ya'yanta, wato gurguzu, su ake dafawa har su yi laushi, a sa ruwan toka, a rufe a wuri mai ɗumi, a daka, a sake rufewa. Daddawar batso ke nan.

Cikin kwana biyu ko uku na rufewar nan ake yin duk aikin. Wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, Bacillus subtilis, ita ke farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin 'ya'yan, ta fitar da gulutamet. Shi ne ɗanɗanon da masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano a 1908, shi ne kuma ginshiƙin dunƙulen Maggi. Warin nan mai hawa kai da ke korar yara daga tsakar gida amoniya ce, alamar aiki ya kankama. In aka buɗe da wuri miya ta yi lami. In aka makara, wari ya danne daɗi.

Wasu na cewa tsohuwa ta fi. A ganina rabin gaskiya ce. Bayan shanya, warin yana lafawa, launi ya ƙara duhu, ƙamshi ya zauna, shi ya sa ta 'yan makonni takan fi sabuwa daɗin miyar kuka. Daga nan sai gangara. Daddawa na da mai, man kuwa yana lalacewa da zafi da iska, ga laimar damina mai kawo funfuna da ƙwari. Wadda ta bushe ƙayau takan kai watanni cikin tulu mai murfi, nesa da danshi. Wadda aka ƙulle a leda da sauran laima, ko aka tsinci funfuna a cikinta in an ɓantara, a zubar da ita, don tafasa ba ta kashe dafin da wasu funfuna ke bari.