Tufafin cin abincin dare a cikin manyan jiragen ruwa: abin da ya kamata matafiyi ya sani

Da ƙarfe 6 na maraice ya buga a cikin jirgin ruwan nan mai suna Queen Mary 2, sai kamannin mutanen da ke cikinsa su sake gaba ɗaya. Waɗanda suka yini da gajeren wando suna shan iska a saman jirgi sai su koma ɗakunansu, su fito cikin shiga ta mutunci, domin kamfanin Cunard mai jirgin ya ajiye doka a kan tufafin dare. Wanda bai kula da wannan doka ba yana iya isa bakin ƙofar babban ɗakin cin abinci, ma'aikaci ya tare shi cikin ladabi, ya roƙe shi ya koma ya sake tufafi. Ga wanda ya biya kuɗi masu yawa ya shiga jirgi, wannan ba ƙaramar kunya ba ce, alhali kuwa kauce mata ba ya da wuya.

Asalin al'adar

Tun kafin jirgin sama ya yawaita, jirgin ruwa shi ne hanyar ƙetare teku. Ɗalibai da ma'aikatan Afirka ta Yamma ma ta jiragen ruwa suke zuwa Marseille da Bordeaux daga Kwatano, Abijan ko Dakar. Amma inda al'adar ado ta fi kafuwa shi ne a kan hanyar da ta haɗa Turai da Amurka ta Tekun Atlantika. Kamfanin Cunard ya soma aiki a kan wannan hanya cikin shekara ta 1840, sa'ad da jirginsa Britannia ya tashi daga Liverpool ran 4 ga watan Yuli. Jiragen farko ƙanana ne, fasinja ba ya da wani buri sai ya isa gaci lafiya. Da jirage suka girma, suka zama kamar manyan masaukan baƙi a bisa ruwa, sai attajirai da manyan ma'aikata suka shigo da ɗabi'arsu ta gida, wato sake tufafi musamman domin abincin dare. A wasu jiragen Ingila har ƙaho ake busawa a sanar da fasinjan aji na ɗaya cewa lokacin shiri ya yi.

Faransawa sun kai wannan al'ada matuƙa. Jirginsu Normandie, wanda ya soma aiki a 1935, tsawon ɗakin cin abincinsa ya kai metir 93, yana ɗaukar mutum 700 a zama guda. Ana gangarawa cikinsa ta wata babbar matakala, kowa na kallon mai saukowa. Saboda haka shigowar kanta ta zama wani abin kallo, mata na baje kolin ɗinkin telolin Paris.

A watan Oktoba na 1958 jirgin sama samfurin Boeing 707 ya soma jigila tsakanin New York da Paris, tafiyar kwana biyar ta koma ta awoyi kaɗan. Daga nan kasuwar manyan jiragen ruwa ta soma faɗuwa. Jirgin France, wanda ya fara aiki a 1962 tsakanin Le Havre da New York, an ɗaure shi a 1974 bayan gwamnatin Faransa ta janye tallafin da take ba shi. Jiragen da suka tsira sai suka koma ɗaukar masu yawon shaƙatawa. Sana'ar ta sake, amma adon dare bai mutu ba, domin yana cikin abin da masu yawon ke biyan kuɗi su gani.

Dare iri biyu

Queen Mary 2 shi ne magajin waɗancan jirage. An ƙera shi a Saint-Nazaire ta ƙasar Faransa, ya soma aiki a watan Janairu na 2004. Tsawonsa metir 345, yana ɗaukar fasinja fiye da 2600. Tafiyarsa daga Southampton zuwa New York kwana bakwai ce bisa al'ada, ba tare da tsayawa a wata tasha ba. A cikin waɗannan kwanaki, dare iri biyu ne.

Na farko shi ne daren yau da kullum. Namiji zai sa dogon wando da taguwa mai kwala, da takalma sau-ciki. In ya so ya ɗora kwat a bisa. Mace za ta sa doguwar riga, ko siket da riga, ko wando da riga masu kyau. Abin da ba a yarda da shi ba bayan ƙarfe 6 shi ne gajeren wando, yagaggen wandon jin, singileti da kayan wanka.

Na biyu shi ne daren biki, wanda galibi kan zo sau biyu a tafiyar mako guda. A nan ana son namiji ya sa baƙar kwat ɗin nan mai sheƙi a kwala, wadda Faransawa ke kira simokin, Amurkawa kuma tuksido, tare da farar taguwa da ɗan ƙaramin ɗaurin wuya mai siffar malam-buɗe-littafi. Wanda ba ya da ita, kwat da wando masu duhun launi tare da karabat sun wadatar. Mace kuwa rigar biki za ta sa, doguwa ko matsakaiciya, ko kuwa wani ɗinki na alfarma. Wani lokaci akan ba daren take, misali baƙi da fari, ko ja da ruwan zinariya. Bin taken ba tilas ba ne, ƙawa ce kawai. Bayan abinci akan nufi babban zauren rawa na jirgin, inda makaɗa ke jira.

Ba a cika sa daren biki a daren farko ko na ƙarshe ba. Dalilin tsoho ne: a daren farko akwatuna ba su gama isa ɗakuna ba, tufafi kuma ba su warware daga ninki ba, a daren ƙarshe kuwa kowa ya riga ya ɗaure kayansa ya ajiye a bakin ƙofa domin ma'aikata su kwashe.

Matsayin tufafin ƙasa

Tambayar da ta fi damun matafiyi daga ƙasar Hausa ita ce: ko dole ne sai ya sayi kwat irin ta Turawa? Amsa ita ce a'a. Cikakkiyar shigar ƙasa tana da daraja ɗaya da simokin a irin wannan dare, kamar yadda take da ita a liyafar ofisoshin jakadanci. Mutumin Sikotlan kan fito da ɗan zanensa mai ratsi-ratsi, Ba'indiya da sarinta, ba mai ɗaga musu gira.

Sharaɗi guda ne: shigar ta zama ta biki, kuma ta cika. Babbar riga ta shadda mai aiki, da ƴar ciki, da wando, da hular da ta dace, da takalma sau-ciki, ita ce daidai da daren biki. Kaftani mai sauƙin aiki ya isa ga sauran darare. Jallabiyar zaman gida da silifa ba su shiga wannan lissafi ba. Ga mace, ɗinkin leshi ko na shadda da kallabi da mayafi ya cika sharaɗi, ya kuma raba ta da damuwar rigunan biki na Turai masu barin kafaɗa da baya a waje. Ba wata doka da ta tilasta wa mace bayyana jikinta.

Mai babbar riga ya tuna da abu biyu. Teburin jirgi cike yake da kofuna da cokula, don haka ya naɗe hannayen rigarsa bisa kafaɗa kafin ya zauna. Sa'annan iskar teku na da ƙarfi ainun, tana iya cika riga ta fizge hula. In zai fita shan iska bayan abinci, gara ya rage kaya.

Kowane jirgi da dokarsa

Ba dukan kamfanoni ne ke bin tsarin Cunard ba. A shekara ta 2000 kamfanin Norwegian Cruise Line ya fito da wani tsari inda fasinja ke cin abinci lokacin da ya ga dama, ba tare da an ɗora masa adon dole ba. Wasu kamfanonin da dama sun bi sawu suka sassauta, har daren biki ya koma na ganin dama. Saboda haka wanda ya cika akwati da kwat uku zai iya tarar da jirgin da ba a bukatar ko ɗaya, wanda kuma ya tafi da kayan shan iska kaɗai zai iya faɗawa inda ake tsanantawa. Mai tambaya ba ya ɓata: kamfani kan bayyana dokarsa a takardun tafiya da kuma shafinsa na intanet, kuma kowace rana akan kai wa fasinja takardar shirin yini a ɗakinsa, wadda ke faɗin irin shigar da ake so a daren.

Ko a Queen Mary 2 ba a barin kowa da yunwa saboda tufafi. Wanda ba ya son yin ado zai iya zuwa ɗakin Kings Court, inda mutum ke ɗibar abinci da kansa, da wasu wuraren zama kaɗan da aka keɓe. Sai dai ya san cewa ya bar wa wasu babban ɗakin cin abinci da zauren rawa a wannan dare.

Shirya akwati

Shiga ɗaya ta biki ta isa tafiyar mako guda. Sauya taguwa ko hula, ko kallabi da sarƙa, shi ke sabunta ta. Ba a yarda fasinja ya shiga da dutsen guga ɗakinsa ba, domin gobara ita ce babbar abin tsoro a teku. Jiragen Cunard suna da ɗakunan wanki da guga na fasinja, akwai kuma masu yi a biya su, amma a yinin biki wurin kan cika. Dabara ita ce a kai shadda wajen masu bugu kafin tashi, a ninke ta bisa layinta, a rataye kwat da zarar an shiga ɗaki. Tun da jirgi yana tangaɗi in teku ta motsa, takalmi mai tsinin dunduniya na iya kayar da mai shi a matakala. Ɗakunan cin abinci kuma da sanyin na'ura, mayafi ko ɗan abin yafawa yana da amfani. A ƙarshe, a gwada tufafin tun a gida, kada sai a tsakiyar teku a tarar wando ya matse, ga shi babu tela a kusa.

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka. Dokar tufafin jirgi ba gasar dukiya ba ce. Mutane ne daga ƙasashe dabam-dabam za su zauna teburi ɗaya har mako guda, kowa ya ɗan wahalar da kansa domin girmama na kusa da shi da kuma ma'aikatan da ke hidima. Wanda ya fito cikin tsabta da cikakkiyar shiga, ko kwat ce ko babbar riga, ya sauke nauyin da ke kansa, ya kuma fita kunyar ƙasarsa.